Dala dubu goma da ba ta shiga aljihu: kundin aikin tallar cibiyarmu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Daren jiya saƙon amincewa ya shigo. An karɓi ƙungiyarmu cikin shirin Google Ad Grants, wanda kamfanin ya soma tun 2003 don ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba. Ana ba kowace ƙungiya damar yin talla a shafin bincike har ta dala 10,000 a wata, wato kamar dala 329 a rana. Takardar rajistarmu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da shafinmu na intanet su suka yi mana jagora. Ga wanda bai san mu ba, gida muke haya a Tudun Wadan Zariya, muna koya wa marayu da zawarawa da matasan da ba su da abin yi ɗinki da gyaran waya da ɗan aikin kwamfuta, ba a biyan ko sisi.

Da safe na kai labari zaman kwamiti. Ina faɗin adadin, Hajiya ma'aji ta jawo biro ta fara lissafin kekunan ɗinki a bayan ambulan. Alhaji shugaba ya gyara zama ya ce, "To ɗana, ta wane banki za ta shigo?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta shigowa. Kamar mai gidan rediyo ne ya ce ya ba mu filin sanarwa kyauta. In mun yi sanarwa an rage daga filin, in ba mu yi ba wata ya ƙare shi ke nan, ba a tara mana."

Hajiya ta ajiye biron. Tun da aka naɗa ni mai kula da wannan aiki ban ga fuska ta sauya da sauri haka ba.

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa rubuta abin da alƙaluman ke cewa da abin da na fahimta, saboda duk wanda zai gaje ni kada ya fara daga farko.

Talata, 14 ga Janairu

Talla ta fara fita yau, bayan tuntuɓe ɗaya da ni na jawo wa kaina. Na zauna na tsara ta da Hausa mai daɗi, har da karin magana, aka dawo mini da ita. Ashe Hausa ba ta cikin jerin harsunan da tsarin tallar ke karɓa, kuma yana rubuce a ƙa'ida, ni ne ban karanta ba. Na sake ta da Turanci, na kuma yi wa shafin da mutum zai faɗa in ya danna nasa Turancin.

Kanun talla harafi 30 ne iyaka, bayani kuma 90. Duk mai son magana irina zai sha wahala a nan.

Alhamis, 23 ga Janairu

Kwana tara ke nan. Sanyin hunturu ya hana ni fita da asuba, sai na duƙufa kan allon alƙaluma da shayi a gefe. Ginshiƙai huɗu ne a gaba, kuma na raɗa musu sunayen da zan iya faɗa wa kwamiti.

Fitowa: sau nawa tallarmu ta bayyana gaban mai bincike. Dannawa: sau nawa aka taɓa ta aka shigo shafinmu. Sai kason dannawa, wanda su ke kira CTR, wato a raba dannawa da fitowa. Sai kuɗin danna ɗaya, a raba abin da aka ci da yawan dannawa. Ba a cajin fitowa ko da ta kai dubu, sai an danna ake cira.

Abin da ya faranta mini rai da farko fitowa ce, dubbai cikin 'yan kwanaki. Har na ɗauki hoton allon na tura zauren WhatsApp na kwamiti, aka yi ta sa albarka. Malama mai koyar da ɗinki ce kaɗai ta rubuta, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Mutum nawa suka zo?" Ban ba ta amsa ba, don ba ni da ita.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Lissafin Janairu, daga 14 zuwa 31: fitowa 9,400, dannawa 310, an ci dala 214. Kason dannawa 3.3 cikin ɗari, danna ɗaya kamar santi 69.

Wannan 3.3 ɗin ita ta hana ni barci. Sharaɗin shirin shi ne asusu ya riƙe aƙalla kashi 5 cikin ɗari kowane wata, in ya gaza wata biyu a jere ana iya dakatar da shi. Mun ci ɗaya ke nan. Kuma abin da na yi ta murna da shi, yawan fitowar, shi ne ya ja kason ƙasa. Duk fitowar da ba a danna ba ƙarin nauyi ce a ƙasan lissafin.

Sai na buɗe rahoton da ya kamata in fara buɗewa tun ranar farko, wanda ke nuna ainihin abin da mutane suka rubuta kafin tallarmu ta fito musu. Akwai bambanci tsakanin kalmar da ni na zaɓa da abin da mutum ya buga da yatsansa. Na sa "tailoring training" a buɗe, ban ɗaure ta ba, sai injin tallar Google ya ɗauki duk abin da ya yi kama da ita. Ga masu neman farashin keken ɗinki. Ga masu neman sababbin salon ɗinkin atamfa da leshi na biki. Ga masu neman aikin tela a Legas. A ɓangaren gyaran waya kuwa abin ya fi muni: rabin masu zuwa wayarsu ce ta faɗa ruwa ko gilashi ya fashe, mai gyara suke nema yanzu-yanzu, wanda da sun shiga wajen masu gyara a unguwar PZ da tuni an gama musu. Ba mai son zama ɗalibi wata shida a cikinsu.

Na kwana ina tsince su ɗaya bayan ɗaya ina zubawa a jerin kalmomin kora, waɗanda in suna cikin binciken mutum tallarmu ba za ta fito ba: farashi, salo, neman aiki, albashi, saukar da littafi, da sauransu, duk da Turancinsu. Sun kai 140. Manyan kalmomin kuma na ɗaure su, sai binciken ya ƙunshi ma'anar jimlar kafin mu fito. Na kuma cire wasu kalmomi guda-guda da na sa don kwaɗayi, tunda dama ƙa'ida ta hana kalma tilo in ba sunan ƙungiyarka ba ne ko 'yan wasu da aka keɓe.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Wani rami kuma. A wurin zaɓen gari na sa Zariya da kewayenta, amma akwai zaɓi biyu a ƙasa: wanda yake cikin garin, ko kuma har da wanda ya nuna sha'awar garin daga ko'ina. Na biyun ne ke kunne tun asali. Zariya kuwa gari ne da ake bincikensa daga nesa ba dare ba rana, saboda Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da asibitin koyarwa na Shika da kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli. Uba a Fatakwal yana neman wa ɗansa gurbin karatu, sai ga tallar ɗinkinmu a gabansa.

Na mayar da tallar ɗalibai kan waɗanda ke nan kawai. Na buɗe ta biyu daban don masu bayar da taimako, ita ta game Najeriya duka, don ɗan Zazzau da ke Abuja zai iya aiko da keke amma ba zai zo aji ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Fitowa ta faɗi warwas, kason dannawa ya haura 8. Alhaji ya kira ni bayan La'asar ya ce an ce masa talla ta mutu. Na ce ba mutuwa ta yi ba, rage tumbi ta yi.

Yau makin inganci na duba. Kowace kalma ana ba ta maki daga 1 zuwa 10, daga abu uku: yadda ake sa ran za a danna, yadda tallar ta dace da kalmar, da yadda shafin da aka faɗa yake. Mai maki 1 ko 2 dole a tsayar da ita a wannan shirin. Uku na tsayar. Sauran yawanci 5 ne da 6, kuma kusan duk ƙorafinsu ɗaya: shafi.

Na je Kwangila wajen wani abokina mai sayar da kati, na ari tsohuwar wayar yaron shagonsa na buɗe shafinmu da datarsa. Fari fat. Sai kan shafin ya fito, sai hoton bikin yaye ɗalibai ya fara saukowa daga sama sannu-sannu kamar ana sauke labule, hular Alhaji tukuna, sannan goshinsa. Yaron ya leƙo ya ce, "Yaya, datata fa." Na ba shi wayarsa da naira 200. A kwamfutar ofis shafin nan take yake buɗewa, shi ya sa ban taɓa lura ba. Hotuna bakwai ne a kai, kowanne yadda kyamara ta ɗauko shi. Na bar biyu, na matse su, na ɗaga abin da mutum ya zo nema zuwa sama: me ake koyarwa, yaushe, a ina, kyauta ne.

Kalmomin Hausa da na gwada sawa, irin "koyon dinki" ba ƙugiya yadda ake bugawa a waya, an yi musu alamar ƙarancin masu nema, ba sa fita. Wurin makinsu ma layi ne kawai. Na bar su a kwance. Ni dai a ganina mutanenmu da yawa ba sa tambayar Google irin wannan abu, maƙwabciya suke tambaya.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Wannan ita ce babbar kunyar aikin zuwa yanzu, kuma zan rubuta ta dalla-dalla.

Akwai ginshiƙi na biyar, wanda ya fi duk na baya. Ni na sa masa suna kamu: mutum ya danna, sannan ya aikata abin da kake so ya aikata. Kai ne kake gaya wa injin abin da zai ƙirga a matsayin kamu. Shirin ya wajabta a saita shi, kuma asusun da aka buɗe daga 22 ga Afrilun 2019 dole ya bar injin ya riƙa yin tayi da kansa bisa kamun, wato shi zai yanke nawa za a taya danna ɗaya a gasar masu talla. A da akwai iyakar dala 2 kan danna ɗaya, tun 2018 aka ɗage ta ga wanda ya bi wannan hanya. Ma'ana injin yana duba irin mutanen da suke zama kamu, sai ya ƙara tayi kan masu kama da su.

To ni a Janairu, cikin gaggawa, na saita kamu a kan buɗe shafin rajista. Shafin da tallar ke kai mutum kai tsaye. Wato duk wanda ya danna, ya zama kamu. Allon yana nuna mini kusan kashi 90 cikin ɗari, ina ta jin kaina gwani. Likita ne ya auna zafin jikin butar shayi ya ce mara lafiya na nan da ransa.

Ɓarnar ba ta tsaya a rahoton ƙarya ba. Makonni biyar injin yana koyon darasin banza daga wurina. Na ce masa kowa ma kamu ne, shi kuwa ya yi ta kwaso kowa. Karen farauta ne, abin da ka sunsuna masa shi zai bi.

Na goge. Yanzu abu biyu ake ƙirgawa: wanda ya cike fom har ya ga shafin godiya, da wanda ya taɓa maɓallin WhatsApp. Na gaya wa kwamiti gaskiya a zaman yau. Hajiya ta ce, "Ai gara da ka faɗa da bakinka." Malama ba ta ce komai ba, murmushi kawai ta yi, wanda ya fi magana ciwo.

Talata, 4 ga Maris

Fabrairu: fitowa 2,150, dannawa 187, kashi 8.7. Mun tsallake siraɗin kashi 5. Alƙaluman kamu na watan ba abin dogaro ba ne, yawanci na tsohon saiti ne, don haka ban kai su gaba ba.

An ɗauki azumi ranar Asabar. Aji ya koma safe.

Asabar, 8 ga Maris

Mako biyu da sabon saiti, abu ɗaya ya fito fili: ba a son fom. Mutum biyu ne suka cike, sauran duk WhatsApp. Na gane dalili da na zauna kusa da wata baiwar Allah da ta zo da 'yarta. Ta ce ta ga fom ɗin, amma wa zai karanta? Ita so take ta ji muryar mutum, ta tabbatar ba 'yan damfara ba ne, ta kuma tambaya ko mace ce ke koyar da mata. Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta ko'ina a shafinmu. Yanzu na sa ta a layi na biyu, har cikin tallar kanta.

Amma taɓa maɓalli ba aika saƙo ba ne, aika saƙo kuma ba zuwa ba ne. Injin iyakarsa bakin maɓallin. Daga nan sai littafin Malama, babban littafin nan mai baƙin bango da ke kan teburin ƙofa. Na roƙe ta ta ƙara layi ɗaya: a ina ka ji labarinmu? Kwana uku ta kawo mini. Amsar kowa iri ɗaya, "a waya." Facebook waya ne, WhatsApp waya ne, Google waya ne, kiran ƙanwar miji ma waya ne.

Dabarar da ta fisshe mu ƙarama ce. Mahaɗin WhatsApp yana yarda a saka masa rubutu tun kafin mutum ya buga komai. Sai na sa maɓallin shafin da talla kaɗai ke kaiwa ya zo da "Salamu alaikum, na ga sanarwarku, lamba 7." Duk saƙon da ya shigo da lamba 7, daga talla yake. Malama tana sa ɗigon jan biro gaban sunan a littafi ranar da mai shi ya tako ƙofa.

Talata, 18 ga Maris

Rahoton sa'o'i ya sauya da azumi. Da rana shiru, sai bayan Tarawihi a fara dannawa har wajen sha biyu, sannan wani ɗan tashi lokacin sahur. Matsalar ita ce wayar ƙungiya tana kwana a ofis. Saƙon da ya shigo goma na dare ba a amsa shi sai tara na safe, wasu kuma in an amsa ba sa ƙara magana. Yanzu wayar tana kwana wurina, uwargida ta ce ta samu kishiya.

Wani ɗan kwamiti ya kawo shawara mu sa kalmomin ciyar da marayu da zakka tunda watan bayarwa ne, ana nemansu sosai. Na ƙi. Ba ma ciyarwa, ba ma karɓar zakka. Ƙa'idar shirin ma ta ce kalmomi su dace da aikin ƙungiya, amma ko babu ƙa'ida, mai azumi ya danna da niyyar ciyarwa ya tarar da keken ɗinki, me za mu ce masa? An ɗan yi musu. Alhaji ya raba gardama da cewa a bar yaro da aikinsa.

Litinin, 7 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris, hawan Sallah da na Daushe suka cinye makon, sai yau na zauna da lissafi. Maris ne wata na farko da na yarda da alƙalumansa daga farko har ƙarshe.

Fitowa 2,600. Dannawa 234, kashi 9 ke nan. An ci dala 281, danna ɗaya ya tashi dala 1.20, ya fi na Janairu tsada kusan ninki biyu, kuma ban damu ba, don yanzu injin ya san wanda yake nema. Kamu 39: WhatsApp 35, fom 4. Kusan kashi 17 na masu dannawa, kowane kamu kamar dala 7.

Daga nan allon ya ƙare, littafi ya karɓa. Cikin 35 da suka taɓa maɓalli, saƙo 22 ne suka iso da lamba 7. Masu jan ɗigo da suka zo ƙofa, har da biyu daga masu fom, su 9. Waɗanda suka cika sharaɗi aka rubuta su ajin da za a fara, 6. Huɗu ɗinki, biyu gyaran waya. Ɗaya daga Gyallesu, ɗaya tun daga Samaru, wadda har yanzu ina tunanin kuɗin motarta.

Tallar masu taimako kuwa dannawa 31 ce cikin 234 ɗin, kuma mutum ɗaya ya yi magana. Wani ma'aikaci ne a Kaduna, ya ce keken mahaifiyarsa marigayiya na ajiye a gidansu cikin birni, a je a ɗauka. Mai ƙafa ne, tsoho, bel ɗinsa ya tsinke. An gyara, yana aiki. A allon, shi da wanda ya taɓa maɓalli bisa kuskure duk kamu ɗaya-ɗaya ne.

Abu guda da zan kiyaye: kamu ana jingina shi ga ranar da aka danna, ba ranar da aka aikata ba, kuma ana jiransa har kwana 30 bayan dannawar. Saboda haka lissafin ƙarshen wata yakan ɗan ƙaru bayan an rufe shi. Ba zan ƙara kai rahoto ranar 1 ga wata ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Zaman kwamiti. Na san tambayar da ke tafe, ta kuwa zo. Alhaji ya ce, "An ba mu dubu goma, ka ci ɗari biyu da tamanin. Sauran fa? Ba asara muke yi ba?"

Na nuna masa ginshiƙin rabon fitowa, wanda ke faɗin cikin duk lokutan da tallarmu ta cancanci fita, sau nawa ta fita. Wanda ya kuɓuce ana raba shi biyu: don kuɗi sun gaza, ko don matsayi, wato tallar wasu ta sha gaban tamu. Namu na kuɗi sifili ne. Na matsayin akwai, kuma wani ɓangarensa ba yadda za mu yi, tunda tallar kyauta a bayan ta masu biya take zama. Na ce, "Ranka ya daɗe, rijiyar ce iyakar ruwanta ke nan. Masu neman koyon ɗinki kyauta a Zariya ta Google a wata ba su da yawa. Ko guga goma muka zura, abin da ke ciki za mu ɗebo. In kana so in cinye kuɗin, gobe zan iya, in buɗe wa Legas da masu fasasshen gilashi. Sai dai a wata biyu a rufe mu."

Ya yi shiru, sannan ya juya ga Malama ya ce nawa aji ke ɗauka. Ta ce ashirin, kuma kekuna goma sha ɗaya ne da na marigayiya. Ashe ko talla ta kawo arba'in ba inda za mu zaunar da su. Wannan lissafin babu shi a kowane ginshiƙi.

An amince rahoton wata-wata ya koma layi huɗu: kason dannawa don kada a rufe mu, saƙonnin lamba 7, jan ɗigo, da waɗanda aka rubuta. Fitowa ta fita daga rahoto.

Asabar, 19 ga Afrilu

Sabon aji ya fara Litinin. Cikin shidan, biyar suna zuwa. Ta Samaru ta zo kwana biyu ta ɗauke ƙafa, Malama ta kira ta, kuɗin mota ne kamar yadda na yi zato. Ina duba ko in rage faɗin da'irar tallar ɗalibai, ko kuwa Hajiya ta samo abin tallafa wa na nesa. Ba a yanke ba.

Abin da ke gabana: tallar neman malaman sa-kai daga ɗaliban jami'a na Samaru da Kongo, da lambarta daban, 8. Gwada kanun talla biyu, ɗaya ya fara da kyauta, ɗaya ya fara da cewa mace ke koyar da mata, a bar su wata guda kafin in taɓa, don dannawa ɗari biyu ba ta isa a yanke hukunci cikin mako ba. Sai saƙonni 13 ɗin nan da suka ɓace tsakanin maɓalli da wayarmu, ina zargin wasu wayar da suke bincike da ita ba ita ce mai WhatsApp ba, don haka zan ƙara maɓallin kira.

Jan biron Malama ya ƙare. Na saya mata biyu a Sabon Gari, ta ce in rubuta a kundi cewa ita ma tana bin aikin bashin na farko.